Binciken Jami'a: Daga Ƙwayar Zarra Zuwa Hanyar Tsamiya

Kowace jami'a a kan ayyuka uku aka kafa ta: koyarwa, bincike, da hidimta wa al'ummar da take zaune a cikinta. Koyarwa kowa ya san ta, tunda ita ke yaye masu digiri. Bincike kuwa jama'a ba su cika ganinsa ba, domin yawancinsa a ɗakin gwaje-gwaje yake farawa, ya ƙare a mujallar da malamai kaɗai ke karantawa. Abin da ake nufi da shi shi ne a ɗauki tambayar da ba a san amsarta ba, a auna, a ƙirga, a gwada, sannan a bayyana sakamakon yadda wani masani a wata ƙasa zai iya maimaita gwajin ya gaskata ko ya ƙaryata. Fannoni uku da suke tashe a jami'o'in duniya, wato kimiyyar kwantam, koyarwa ta na'urorin zamani, da fasahar kiyaye haɗurran hanya, sun isa su nuna yadda aikin ke tafiya. A ido ba su da haɗi. A aikace kuwa na farkon ne ya haifi kayan aikin da sauran biyun ke amfani da su, kuma amfaninsu ya riga ya iso ƙauyuka irin su Kurgu da ke yankin Bagudo, kan iyakar Jihar Kebbi da Jamhuriyar Benin, sai dai a matsayin haja ya iso, ilimin da ya samar da hajar ya tsaya a baya.

Kimiyyar kwantam reshe ce ta fiziks da ke bayanin halayen abubuwa mafiya ƙanƙanta: ƙwayar zarra, da ilektiron da ke kewaye da tsakiyarta, da shi kansa haske. Ta samo asali a shekarar 1900 a birnin Balin na Jamus, lokacin da Max Planck ke neman dalilin da ya sa ƙarfen da aka hura wa wuta yake sauya launi daga ja zuwa rawaya zuwa fari gwargwadon zafinsa. Lissafin bai yarda ya fita ba sai da ya ɗauka cewa makamashi ba kwarara yake yi ba yankewa, a dunƙule-dunƙule yake fita, kowane dunƙule da ƙayyadadden girmansa. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa haske ma haka yake, kuma ƙwayoyinsa ne ke fisge ilektiron daga jikin ƙarfe idan sun faɗa masa. Wannan aikin ne aka ambata da aka ba shi kyautar Nobel ta 1921, ba shahararren nazarinsa kan lokaci da sarari ba. Niels Bohr ɗan ƙasar Denmak ya zo a 1913 ya ce ilektiron a cikin zarra yana da matakai ƙididdigaggu da yake iya zama a kansu, kamar mai hawa tsani: zai tsaya a mataki na biyu ko na uku, amma babu wurin sa ƙafa a tsakani. Idan ya sauko daga mataki zuwa na ƙasa sai ya saki ƙwayar haske guda. Werner Heisenberg a 1925 da Erwin Schrödinger a 1926 su ne suka shimfiɗa cikakken lissafin da ake aiki da shi har yau.

Abin da lissafin ya fito da shi ya saɓa wa hankalin yau da kullum. Ilektiron wani lokaci yakan nuna halin ƙwaya, wani lokaci halin igiyar ruwa mai yaɗuwa. Ba a iya sanin ainihin inda yake da ainihin gudunsa a lokaci guda. Iyakar abin da lissafi ke bayarwa shi ne yiwuwar samunsa a nan ko a can. Yakan kuma ratsa shingen da ƙarfinsa bai kai ya tsallake ba, ya ɓulla ta ɗaya gefen. Einstein kansa har ya rasu bai gamsu da wasu sassan bayanin ba, amma gwaje-gwaje na shekara ɗari sun ci gaba da tabbatar da shi, har aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel ta 2022 saboda gwajin da ya nuna cewa ƙwayoyin haske biyu da aka haɗa asalinsu suna ci gaba da amsa wa juna ko da an nisanta su. Wannan baƙon hali ya sa 'yan damfara suka ari sunan kwantam suna liƙa wa sarƙoƙi da 'yan akwatunan da ake cewa suna gano kowace cuta idan mutum ya riƙe wani ƙarfe a hannu. Waɗannan ba su da wata alaƙa da kimiyyar, kuma ba sa maye gurbin gwajin jini a asibiti.

'Ya'yan kimiyyar na halal suna cikin aljihun kowa. Fahimtar yadda ilektiron ke tafiya a cikin ma'adinai irin su silikon ita ta kai ga ƙera tiransista a ɗakunan gwajin Bell na Amurka a 1947, kuma a yau ƙwaƙwalwar wayar hannu guda tana ɗauke da biliyoyinsu. Daga waɗannan ɗakunan ne kuma aka fitar da allon sola na silikon a 1954. Manomin shinkafa a fadamun Kogin Neja da ya ajiye injin ban ruwa mai shan fetur ya koma na sola bayan cire tallafin mai a 2023, da wancan binciken Einstein na 1905 yake shayar da gonarsa: hasken rana ya bugi allo, ya tunkuɗa ilektiron, lantarki ya gudana. Ƙwan tocilan mai farin haske, da katin ajiyar da ake zuba wa karatu da waƙoƙi a kasuwa, da hasken leza da ke ɗaukar saƙonnin intanet ta cikin zaren gilashi, duk daga tushe ɗaya suke. Katin ajiya ma da waccan ɗabi'ar ratsa shinge yake rubuta bayanai.

Mafi ban mamaki shi ne agogon zarra. Tun 1967 duniya ta amince cewa daƙiƙa ɗaya ita ce tsawon lokacin da wata igiyar haske da zarrar siziyom ke amsawa take kaɗawa sau 9,192,631,770. Taurarin ɗan'adam na GPS, da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,000 daga ƙasa, kowannensu na ɗauke da agogon zarra. Waya tana gano inda take ne ta hanyar auna lokacin da saƙon taurari huɗu ko fiye ya ɗauka kafin ya iso ta. Tunda saƙon yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa zai jefa mutum mita 300 daga inda yake.

Yankin Hausa bai rasa nasa masu wannan fage ba. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fiziks ne da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana tun kafin sola ta zama kayan kasuwa, kuma sunansa Jami'ar Yamai take ɗauke da shi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tana da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kan rana. A Zariya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004, wadda ake amfani da ita wajen tantance sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci. A Kebbi akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013. A ƙetaren iyaka, Benin tana da cibiyar lissafi da fiziks a Dangbo kusa da Fotonobo, mai alaƙa da cibiyar da Abdus Salam ɗan Pakistan ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 domin masanan ƙasashe masu tasowa.

Ba kowane binciken kwantam ke buƙatar na'urorin biliyoyin naira ba. Sashe babba nasa lissafi ne da ake yi a kwamfuta, inda ake hasashen yadda wani sabon sinadari zai karɓi haske kafin a ƙera shi. Akwai kuma tambayoyin da nan ne wurin amsa su. Allon sola a kan zafin digiri 25 ake auna ƙarfinsa a masana'anta, kuma yana rage aiki da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri da ya ƙaru a kan haka. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, allon kansa kuma ya fi iskar zafi, ga ƙurar hunturu na rufe fuskarsa, sanin nawa ake asara da kuma sau nawa ya kamata a goge shi bincike ne mai shafar aljihun manomi kai tsaye. Ita kuwa kwamfutar kwantam da ake ta yayatawa, har yanzu tana matakin gwaji, tana yawan kuskure, wasu nau'o'inta kuma sai an sanyaya su fiye da sanyin sararin samaniya. Kamfanin IBM ya buɗe wata ƙarama ga jama'a ta intanet tun 2016, saboda haka ɗalibi a Aliero zai iya koyon sarrafa ta ba tare da jami'arsa ta mallake ta ba. Gana ce ta gabatar da ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantam.

Koyarwa ta na'ura ta girmi intanet a wannan yanki. Nijar ta fara gwajin koyar da 'yan firamare ta talabijin a 1964. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta horar da ɗimbin malamai ta karatu daga nesa. Jami'ar karatu daga gida ta Najeriya an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita shekara guda bayan haka, sannan aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Abin da ya shigar da kwamfuta cikin lissafin kowane gida shi ne hukumar JAMB, da ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015. Daga ranar, yaron ƙauyen da bai taɓa taɓa madannin kwamfuta ba ya shiga gasa ɗaya da ɗan birnin da ya tashi da ita. Rufe makarantu saboda korona a 2020 ya ƙara tona asirin bambancin: wasu makarantun kuɗi suka koma intanet, yawancin jihohin Arewa suka koma rediyo da talabijin.

Amfanin bincike a nan shi ne raba abin da ke aiki da abin da ke burge ido kawai. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan makaranta dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, amma da aka auna makarantu sama da 300, waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba, sai aka tarar yaran sun iya sarrafa na'urar, lissafinsu da karatunsu kuwa ba su motsa ba. Wani gwajin da aka yi kusa da gida ya ba da sakamako daban. A 2009 da 2010, Jenny Aker ta Jami'ar Tufts da abokan aikinta sun bi azuzuwan yaƙi da jahilci na manya a ƙauyuka sama da 100 na jihohin Doso da Damagaram a Nijar, inda ake koyarwa da Hausa da Zabarmanci. A rabin ƙauyukan an ƙara koya wa ɗalibai amfani da ƙaramar waya mai madanni, sauran kuma aka bar su da darasin da aka saba. Masu wayar suka fi cin gwajin rubutu da lissafi. Dalilin da ya fi kusa shi ne saƙon tes ya fi kira araha, saboda haka ɗalibi ya samu abin da zai sa shi rubutu kullum, kuma malami na nan bai gusa ba. Doso maƙwabciyar Kebbi ce, kuma rayuwar ƙauyukanta ba ta da nisa da ta Bagudo.

Darasin da ake samu daga irin waɗannan gwaje-gwaje shi ne na'ura tana ƙara wa malami ƙarfi ne, ba ta zama madadinsa. Inda ta fi amfani shi ne inda wani abu ya rasa gaba ɗaya, kamar ɗakin gwaji. Carl Wieman, wanda ya sami Nobel a fiziks a 2001, ya kafa shirin PhET a Jami'ar Kolorado a 2002, mai samar da gwaje-gwajen kimiyya na kwaikwayo kyauta. Ana iya sauke su a yi amfani da su ba tare da intanet ba, ɗalibi ya haska fitila a kan ƙarfe a fuskar allo ya ga ilektiron na tsalle. Gwamnatin tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da wata taskar darussa ta intanet a 2022 mai ɗauke da wasu darussa cikin Hausa. Matsalolin da suka rage sanannu ne: wuta, sabis, kuɗin data, da harshe. Jami'ar Bayero ta Kano ta sami babbar tashar sola a 2019, amma makarantar ƙauye allo ɗaya da batir ma nema take. A yankin Bagudo ana jin Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Busanci, makaranta na koyarwa da Turanci, a tsallaken iyaka kuma da Faransanci. Wane harshe ya fi saurin shigar da lissafi kan yaro ɗan shekara bakwai a irin wannan wuri, tambaya ce da sai an gwada a aji ake amsa ta.

Fanni na uku shi ne wanda jinkirinsa ke cin rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma Afirka ce ta fi yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a, duk da ƙarancin motocinta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da aka kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, tana ƙirga mutum sama da 5,000 a shekara a 'yan shekarun nan. Ƙiyasin hukumar duniya ga Najeriya kuwa ya haura 30,000. Tazarar ba abin mamaki ba ce ga wanda ya san karkara: haɗari ya auku a hanyar daji, 'yan'uwa su ɗauki mamaci a yi masa sutura kafin la'asar, babu takardar da ta shaida.

Fiziks ɗin haɗari mai sauƙi ne. Ƙarfin da mota ke ɗauke da shi ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ninkawa huɗu yake yi, haka ma tazarar da birki ke buƙata. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, wato kafin ƙafar direba ta bar totur ta kai birki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4. Shi ya sa sabuwar kwalta, irin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri da aka fara a 2024 wadda za ta ratsa Kebbi, take zuwa da nata hatsarin: rami yana lalata mota, santsin hanya yana ruɗin direba.

Na'urorin da aka ƙera don rage ɓarnar, yawancinsu jikokin tiransista ne. Bindigar auna gudu tana harba igiyar rediyo ko hasken leza ta auna yadda ya dawo. Birki mai kwamfuta yana hana taya daskarewa, yana kamawa yana saki sau da yawa a daƙiƙa. GPS yana ba mai tirela damar ganin gudun direbansa daga ofis. A watan Fabrairun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu, sai dai na'urar da bakanike zai iya cire wa waya cikin minti kaɗan ba ta wuce ƙarfin wanda ke duba ta ba. Bel ɗin kujera mai riƙe kafaɗa da ƙugu, wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya ƙera a 1959, har yau yana cikin abubuwan da suka fi ceton rai, kuma babu lantarki a jikinsa.

Yawancin waɗannan fasahohi don hanyoyin Turai da Amurka aka tsara su. Hanyar yankin Bagudo da ta tsallaka gadar Tuga ta nufi Ka'oje da Tsamiya tana da nata hali: 'yan kabu-kabu masu goyon biyu da uku, babura ɗauke da jarkokin mai, manyan motoci da mutane a saman kaya, garken shanu mai tsallakawa, kasuwar da ta ci gefen titi, da motocin Kwatano masu tsofaffin tayoyi. An ƙaddamar da tilasta sa hular kwano a 2009, amma ba ta zauna a Arewa ba, kuma zafi na cikin dalilan da masu babur ke bayarwa. Ƙera hular da iska ke ratsawa, mai araha, wadda ta ci gwajin bugu, aikin injiniya ne da ya dace da jami'ar da ke cikin zafin. Haka rigar ceto ga masu shiga kwale-kwale, tunda a wannan yanki kogi ma hanya ce, kuma kifewar jirgin ruwa kusa da Wara a watan Mayun 2021 ta ci rayuka masu yawa.

Binciken da aka yi a Afirka ya nuna magani mai araha kan yi tasiri. A mahaɗar Suhum da ke hanyar Akara zuwa Kumasi, masu bincike na Gana sun tarar 'yan tuddan da ke girgiza mota sun rage haɗurra da kusan kashi 35 cikin ɗari, mace-mace kuma da kusan kashi 55. A Kenya, malamai biyu na Jami'ar Georgetown sun liƙa takardu a cikin motocin haya masu zuga fasinja su tsawata wa direba mai ganganci, kuma bayanan kamfanonin inshora suka nuna haɗurran waɗannan motoci sun ragu sosai. Duka biyun ƙirge ne ya tabbatar da su, na kafin gyara da na bayansa. Matakin farko a kowace hanya shi ne taswirar wuraren da haɗari ke maimaituwa, kuma wayar da ke da GPS ta isa yin ta: a rubuta wuri, da lokaci, da irin abin hawa, a haɗa da bayanan asibiti da na ƙungiyar direbobi da na masu unguwanni.

Kuɗin irin wannan aiki a jami'o'in gwamnati yawanci daga asusun TETFund yake fitowa, wanda dokar 2011 ta kafa a kan harajin ribar kamfanoni. Cikas ɗin bai tsaya ga kuɗi ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, kuma gwajin da aka yanke a tsakiya sau da yawa sai an sake shi daga farko. Ƙarin girman malami ya fi rataya a kan yawan maƙalolin da ya wallafa fiye da abin da suka gyara, kundayen ɗalibai kuma kan ƙare a kanta ba tare da ma'aikatar ayyuka ko ta ilimi ta gan su ba. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1986, tana cikin wuraren da aka tanada don haɗa masu bincike da masu aikin hanya. A kan iyaka akwai ƙarin mataki: hanyar ba ta ƙare a Tsamiya ba, ta zarce Segbana da Kandi a arewacin Benin, motoci da direbobi ɗaya ne ke bin ɓangarorin biyu, amma bayanan haɗari suna hannun hukumomi biyu, cikin harsuna biyu. Jami'ar Parakou, da aka kafa a 2001, ita ce babbar jami'ar arewacin Benin, kuma cikakken nazarin wannan hanya yana buƙatar alƙaluman da ke wancan gefen kamar yadda yake buƙatar na Aliero da Birnin Kebbi.